Sawu a Kan Tabarmar Danƙo

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safe aka buɗe firjin ɗakin tsafta, inda kamfanin ke haɗa kayansa ba ƙura, aka tarar da farantin gilashin wayam. Kafin tara da rabi duk wanda ke aiki a ginin ya riga ya yanke hukunci a ransa, kuma kusan kowa mutum ɗaya yake zargi.

Abin da ya ɓace bai kai tafin hannun jariri ba. Ma'aikatan suna ce masa fata. Wata irin roba ce da Dakta, masanin kamfanin, ya kwashe shekara huɗu yana haɗawa, ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba, ga ta garau kamar ruwa. Ita kaɗai tana aiki uku. Tana ɗaukar lantarki, tana jin zafi da sanyi, sannan da zarar ta ji ɗumin jikin mutum sai ta naɗe ta ƙanƙame abin da ke kusa da ita, ba ta kuma saki. An yi ta ne don wata na'ura da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, wadda likitoci za su ɗaura a jikin jijiya. An yi gwaji ya fi a ƙirga, wannan guda ɗaya ce ta yi kyau, kuma gobe masu saye za su zo ganin ta.

Mai Sawu yana rumfarsa ta bakin get yana shafa wa gwiwarsa man zafi sai ga Manaja ya fito kamar an jefo shi.

"Baba, wa ya fita tun safe?"

"Ba kowa, yallaɓai."

"Ka tabbata? Ko dai ka ɗan yi gyangyaɗi?"

Tsohon ya ajiye man zafin. Ya miƙe yana ɗingishi ya zagaya ginin, Manaja na biye da shi yana huci. Shekara ashirin ya yi yana bin sawun shanun sata a daji kafin gwiwa ta zaunar da shi ya koma gadi, amma halin bai sake shi ba. Kullum da sassafe sai ya share yashin da ya kewaye ginin ya baje shi sumul, ba wanda ya sa shi, har ma'aikata na tsokanarsa wai ƙadangaru yake yi wa shimfiɗa. Ya duba ƙarƙashin kowace taga, ya duba ƙofar baya da gindin katanga. Ban da sawun kyanwa da na kurciya biyu babu komai.

"Mutum bai fita ba, ba a kuma jefo komai ta taga ba," in ji shi. "Kayanku na ciki."

Da ɗan alfahari ya faɗi haka, irin na tsohon da aka daɗe ba a nemi iliminsa ba. Bai san da bakinsa ya kulle 'yarsa ba. Manaja ya karɓi makullin get daga hannunsa, ya datse, ya jefa a aljihu.

* * *

Aka tara kowa a ɗakin sauya kaya, wani matsattsen ɗaki mara taga mai dogon benci ɗaya da jerin akwatunan ƙarfe. Duk sanyin injin ɗakin tsafta yake tafiya, nan kuwa ko fanka babu. Manaja ya tattara wayoyin mutane ya zuba a bokiti. Kyamara dai babu a ɗakin tsafta, shi da kansa ya hana a sa, wai kada sirrin kamfani ya fita.

Ban da Manaja, mutum huɗu ne ke da ikon shiga ɗakin tsafta. Akwai Iya mai goge-goge, da Dogo mai kula da injin sanyi, da Dakta, sai Auta, 'yar Mai Sawu, mataimakiyar Dakta.

"Ni goge ƙasa na yi na fito kafin bakwai da rabi," in ji Iya, tana tafa hannu. "Me zan yi da ledar da ko gishiri ba za ta ƙulle ba?"

"Ni matatar iska na duba," in ji Dogo. "Ko kallon firjin ban yi ba."

"Ƙarfe takwas na shiga duba sanyin firjin," in ji Auta. "Tana nan a farantinta, na gan ta da idona."

"Dakta kuwa tare muka shiga da shi ƙarfe tara muka tarar babu," in ji Manaja, ba tare da ya tambayi Daktan ba. Ya juya ya zuba wa Auta ido. "Ke ce ta ƙarshe ke nan."

Dakta na can ƙarshen benci cikin farar rigarsa, da safar hannu, ya cusa hannuwa a aljihu, ya yi zuru kamar wanda aka yi wa rasuwa. Kowa ya tausaya masa, shekara huɗu ba wasa ba.

"Dakta," in ji Manaja, "in mutum zai fita da abin nan, a me zai sa shi?"

Dakta ya ɗago. "Sai a sanyi," ya ce a hankali. "In ta ji ɗumi naɗewa take."

Idanu suka taru a kan 'yar kular da ke gefen ƙafar Auta. Goyo take, jaririnta wata huɗu, yana gida wajen kakarsa. Sau biyu a wuni take tatsar nono ta zuba a kwalba ta sa a kular nan mai ƙanƙara, da yamma ta tafi masa da shi. Duk ginin ita kaɗai ke fita da abu mai sanyi kullum, ba kuma wanda ya taɓa cewa ta buɗe a gani.

Manaja ya buɗe, ya leƙa, ya ga kwalba ɗaya da ƙanƙara. "Ba ta kai ga sakawa ba," ya ce. "Ta ɓoye wani wuri tana jira a tashi."

Auta ta dubi mahaifinta da ke tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Yallaɓai," in ji Mai Sawu, "ka bar ni in duba."

"Kai da 'yarka ake tuhuma?" Manaja ya ja tsaki, sai kuma ya tuna in 'yan sanda suka zo magana za ta fasu har kunnen masu saye. "To. Ka ce kai mai bin sawu ne. Na ba ka zuwa ƙarfe huɗu. In huɗu ta buga ban ga kayana ba, motar 'yan sanda za ta zo ta tafi da ita."

* * *

Da Iya ya fara, a ɗan kicin ɗin ma'aikata. Tun kafin ya buɗe baki ta fara rantsuwa.

"Ban ce kin ɗauka ba, Iya. Me kika gani yau da ba ki saba gani ba?"

"Me kuwa na gani ban da ƙazantar maza?" Ta gyara ɗauri. "Wajen tara saura na shiga bayinku, na tarar an cika kwanon wanke hannu da ƙanƙara, an bar ta tana narkewa. Sabulun ruwa da na cika jiya an kusa ƙarar da shi, kumfa har ƙasa. Na yi ta faɗa ni kaɗai na goge."

"Kin goge ƙasan?"

"Tas! Aikina ke nan."

Mai Sawu ya dafe kai. Tun yana daji bai da abokin gaba kamar ruwan sama, yau ga Iya da tsummanta. Ya buɗe firjin kicin, ya ga mazubin ƙanƙara biyu duk babu komai a ciki.

"Ni dai na faɗa maka," Iya ta rage murya, "ka sa ido a kan Dogo. Kwanan nan waya na shigowa sai ya zagaya bayan janareta."

* * *

Dogo na zaune a kan akwatin kayan aikinsa a lungu, ya danne shi kamar kaza a kan ƙwai.

"Tashi in gani, ɗana."

"Baba, ƙarafa ne kawai."

"To ai ƙarafa ba sa jin kunya."

Gumi ya karyo wa Dogo. Ya buɗe. Ƙarƙashin sifanu da filaya akwai wata takarda a ninke cikin leda. Mai Sawu bai iya karatun boko sosai ba, amma ya ga tambarin wani kamfani daban, zuciyarsa ta yi tsalle don murna. Allah ya yafe masa, a lokacin nan ya so ƙwarai a ce Dogo ne.

"Takardar ɗaukar aiki ce," in ji Dogo. "Ƙarshen wata zan koma can. Injin sanyi zan riƙa gyara musu, wallahi shi ke nan. In Manaja ya gani yanzu cewa zai yi sayar musu na yi."

"Ƙanƙarar bayi fa?"

"Wace ƙanƙara?" Dogo ya buɗe baki. "Baba, ni da injin sanyi ke hannuna, in ina son sanyi sai na je kicin? Kuma wane wawan ɓarawo ne zai kwaso ƙanƙara don ya ɗauki kaya, sannan ya bar ta a kwano tana narkewa?"

Mai Sawu ya mayar masa da takardarsa. Yaron ya yi gaskiya. Wanda ya zuba ƙanƙarar nan a kwano wani abu ya tsoma a ciki, ya kuma bi shi da sabulu har ya kusa ƙarar da kwalba.

* * *

"Ina son ganin ƙasan ɗakin tsafta," ya ce wa Manaja.

Manaja ya yi dariyar takaici. "Me za ka gani? Kowa a nan safar takalmi yake sawa, shuɗiyar leda iri ɗaya. Ƙasan kuwa ya fi madubi. Nan ba dajinku ba ne, Baba."

"Sai dai tabarma," in ji Iya daga baya.

A bakin ƙofar shiga ɗakin tsafta akwai wata farar shimfiɗa mai danƙo, shafi a kan shafi. Duk mai shiga sai ya taka ta don ta cire ƙurar ƙafarsa, fita kuwa ta wata ƙofar ake yi. Kullum ƙarfe bakwai Iya ke ɓare shafin jiya ta bar sabo fari ƙal. Tun da aka gano satar ba wanda ya sake takawa.

Mai Sawu ya sa aka kashe fitilar wurin. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya kwantar da kumatunsa a ƙasa, ya haska tocilansa ta gefe yadda haske zai shafi saman tabarmar. Abin da ido ke gani fari sai ya fito toka-toka, sawu a kan sawu.

Leda na rufe takalmi amma tafiyar mutum na nan yadda take. Ga Iya can ƙasa, gajeren taku, tana jan ƙafa. Ga Dogo, taku ɗaya ya tsallake, malalaci. Ga Auta a kansu, da yatsu take takawa kamar uwarta. A can sama ga Manaja, ya danna dunduniya kamar mai jin haushin ƙasa.

Sai kuma wata ƙafa. Doka ce a manne a bango cewa kowace ƙafa ta taka sau uku, kuma duk ginin mutum ɗaya ne ke bin ta, wanda ya rubuta ta. Taku uku dama, taku uku hagu, a jere kamar an auna. Sawun nan sau biyu ya fito. Na farko ya hau kan na Auta, na Manaja kuma ya hau kansa. Na biyu yana gefe, kafaɗa da kafaɗa da na Manaja.

Ya matso da tocilan. Kowace safar takalmi tana da ɗinki ɗaya da ke bin tsawon tafin ƙafa. A shigar farko ɗinkin ya miƙe sambal daga dunduniya zuwa yatsa. A shiga ta biyu ya karkace ya gitta tafin, duk ƙafa biyun, ledar ta tattare gefe ɗaya.

Ya daɗe a kwance, sanyin tayil na ratsa kumatunsa. Ya ji kamar kada ya tashi.

"Ka ga wani abu?" in ji Manaja.

"Ban gama ba tukuna," in ji Mai Sawu. Kafin ya miƙe aka kira azahar a wani masallaci can bayan katanga.

* * *

A ƙarshen baranda suke salla, shi da Dakta, shekara tara ke nan. Yau Dakta ya ce yana da alwala, ya yi sallarsa da safar hannu. Da aka idar Mai Sawu ya miƙa masa hannu kamar kullum, sai Dakta ya dafa ƙirji da hagu.

Wannan mutumin ne ya tsinci Mai Sawu lokacin da gwiwa ta kayar da shi, kowa ya gudu, ya ba shi gadi. Shi ne ya ga wata yarinya na kawo wa babanta abinci tana karanta duk takardar da iska ta kwaso bakin get, ya tsaya mata har ta gama karatu, ya koya mata riƙe hantsaki da hannunsa. Ranar da ta haihu shi ya fara zuwa asibiti. Ko a bayan idonsa Mai Sawu bai taɓa kiran sunansa ba.

"Dakta, na duba tabarma."

Dakta ya sunkuyar da kai kan dardumarsa.

"Na ga mutum ya shiga sau biyu."

Dakta ya runtse ido. Leɓensa ya bushe, gumi na tsattsafowa a goshinsa. "Malam," ya ce, "ka ba ni ɗan lokaci. A buɗe ƙofa kowa ya tafi gida, ni zan gyara komai. Ba abin da zai same ta."

"Ba zai buɗe ba, Dakta. Ka san shi."

"Ɗan lokaci kawai. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba, kuma wannan ne ya ɗaure Mai Sawu. Ya ji nauyin mutumin ya danne masa harshe. Ya ce a ransa mutum mai daraja irin wannan a bar shi ya faɗa da bakinsa, ai da sauran awa uku. Ya naɗe dardumarsa ya koma bakin ƙofar ɗakin sauya kaya ya tsaya kamar mai gadin gaske.

* * *

Ƙarfe biyu ta wuce, Dakta bai ce komai ba. Ɗakin ya ɗauki zafi, warin gumi da na leda suka cika shi. Auta na zaune ta rungume hannuwa a ƙirji, don lokacin tatsa ya wuce, nono ya jiƙa gaban rigarta, ga maza a ɗakin.

"Yallaɓai, a ba ni wayata in kira gida," ta ce. "Nonon da na bar masa zuwa azahar ne."

"Ki fito da kayana ki tafi ki ba shi da kanki."

Ƙarfe uku Manaja ya ƙara shiga tunani, kuma tunanin Manaja bai taɓa haifar da alheri ba. Abin garau yake kamar ruwa, in ji shi, me zai hana a jefa shi cikin kwalba? Ya sa aka kawo matacin shayi daga kicin, ya buɗe kwalbar jaririn ya tuttule ta a ciki a gaban kowa, nonon ya bi rariya. Babu komai. Sai ya ce maza su fita, Iya ta caje ta har kitson kanta.

Mai Sawu na tsaye a baranda, ƙofa a rufe, yana jin Iya na cewa, "Yi haƙuri 'yar nan, ɗaga hannunki, yi haƙuri." Taku huɗu tsakaninsa da Dakta, wanda ya jingina da bango yana kallon silin. Ya dube shi, ya sake dubansa. Dakta ya kawar da kai. Kunya da baƙin ciki suka cika Mai Sawu har ya rasa wa yake jin haushi, Dakta ko kansa. Duk da haka ya ƙara masa wata awar.

* * *

Huɗu saura minti biyar Manaja ya zaro wayarsa.

"Dakata, yallaɓai," in ji Mai Sawu. "A shiga ciki, kowa da kowa."

Suka zauna a benci. Ya ɗauko sabuwar safar takalmi guda biyu daga kwali ya miƙa wa Dogo.

"Sa ɗaya." Dogo ya buɗe bakin ledar da hannu biyu ya zura ƙafa, ɗinkin ya miƙe. "Yanzu sa hannunka na dama a aljihu, ka sa ɗayar da hagu kaɗai."

Dogo ya yi ta kokawa, ledar na zamewa, har ya samu ta shiga. Ya ɗaga ƙafa. Ɗinkin ya gitta tafin, ledar ta tattare gefe.

"Wasa muka zo yi?" in ji Manaja.

"Bayan Auta ta fito wani ya shiga shi kaɗai," in ji Mai Sawu. "Sawunsa na kan nata, naka kuma na kan nasa. Da hannu biyu ya sa safarsa a lokacin. Ƙarfe tara ya sake shiga tare da kai, amma da hannu ɗaya ya sa ta. Tsakanin shigar nan biyu ya je bayi ya tsoma hannu a ƙanƙara, ya bi da sabulu, abin ya ƙi fita." Bai iya duban ƙarshen benci ba, ƙasa ya kalla. "Ba a saci komai ba. Dakta, don girman Allah ka fito da hannunka."

Dakta ya zaro hannun dama daga aljihu a hankali. Safar ta fi ta hagu girma. Ya kama bakinta ya ja, yana cije leɓe.

Iya ta yi salati. Yatsansa manuni ya kumbura ya yi suntum, kansa ya koma shuɗi-baƙi. A gindinsa wani abu na ƙyalli kamar zoben ruwa, ya nutse cikin tsoka.

"Shekara huɗu," in ji Dakta, kamar da kansa yake magana. "Ta cikin safa, ta bakin hantsaki, ta ƙarƙashin madubin ƙara girma nake hulɗa da ita. Gobe za su tafi da ita. Na ce bari in ji ta da fatata sau ɗaya, daƙiƙa ɗaya kawai." Ya yi wata guntuwar dariya mara daɗi. "Ta yi aikinta. Yadda na tsara haka ta yi."

"Me ya hana ka faɗa?" Manaja ya daka tsawa.

"Ni na rubuta dokar hana taɓawa. Na taɓa korar mutum a kanta. Da ka buɗe firji ka ce sata, na buɗe baki in yi magana, na ce bari ka huce tukuna. Daga nan kowane minti sai ya fi na baya wuya."

Manaja ya dubi Auta, ya sosa ƙeya. "To, kin ga... a yi haƙuri. Kin san halin aiki."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta tashi ta je ta kama wuyan hannun Dakta ta juya yatsan a haske, ta danna farcen, jini bai dawo ba.

"Dogo, ɗauko min ƙaramin almakashi da madubin goshi mai ƙara girma a tebur na biyu. Baba, zo ka riƙe min hannunsa, rawa yake."

"Kada ki yanke," in ji Dakta. "Auta, in muka shiga ciki, da ruwan narkarwa da hantsaki biyu, cikin awa biyu za ki iya ɗaga bakinta. Hannunki ya fi nawa. Za ta iya rayuwa."

"Yatsan ba zai kai awa biyu ba."

"A bar yatsan!"

"Masu saye fa?" in ji Manaja. "A dai gwada..."

Auta ta ɗaura madubin a goshi. Mai Sawu ya riƙe wuyan hannun mutumin da ya tona wa asiri, yana jin jijiyarsa na bugawa da sauri a tafinsa. Ta zura bakin almakashin tsakanin roba da tsoka, a nutse, yadda shi Daktan ya koya mata. Aka ji ɗan ƙas. Abin ya faɗo kan benci, ya ƙudundune kamar busasshen ganye. Dakta ya saki wani nishi, hawaye ya zubo masa, ba wanda ya san na zafi ne ko na asara.

"A kai shi asibiti yanzu," ta ce. Ta cire madubin ta ajiye, sannan ta dube shi. "Awa bakwai, Dakta. Kana zaune ana ce min ɓarauniya."

Bai iya ɗaga ido ya dube ta ba. Sai ya juya wajen Mai Sawu, wanda har yanzu bai saki hannunsa ba, ya ce da raunanniyar murya, "Malam, na gode da lokacin da ka ba ni. Ni ne ban yi amfani da shi ba."

Auta ta riga ta sunkuya za ta ɗauki kularta. Ta tsaya a haka.

"Wane lokaci?"

Iya ta sunkuyar da kai.

"Baba, yaushe ka gane?"

Ya so ya ce yanzu-yanzu. Bai taɓa yi mata ƙarya ba, harshensa bai san hanyar ba.

"Da azahar," ya ce.

"Kafin a zubar da nonon."

"Auta, mutumin nan shi ya..."

"Kafin a tuɓe ni."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ake yi wa baƙon da aka rasa inda aka san shi. Sannan ta ciro wayarta daga bokiti, ta yafa mayafi ta rufe gaban rigarta, ta miƙa wa Manaja hannu. Ba musu ya ɗora mata makullin.

Mai Sawu ya bi ta har bakin get yana ɗingishi, yana kiran ta. Kullum in an tashi tare suke tafiya, tana rage sauri saboda gwiwarsa. Ta buɗe kwaɗon da kanta, ta bar makullin a jiki, ta tsayar da mota ta farko da ta zo wucewa.

"Auta, jira ni in rufe."

"Ka zauna, Baba," ta ce, ba ta waiwayo ba. "Dakta zai buƙaci mai riƙe shi zuwa asibiti."